Lamba 10.0 Ba Hujjar Algus Ba Ce

Na gaji da wata husuma da ke yawan tashi a Matamaye tsakanin masu sayar da kwamfutoci na hannu, waɗanda ake kawowa daga Kano ko Damagaram, da samarin da suka soma koyon rubuta wa na'ura umarni a PowerShell domin ta faɗi da kanta wace irin Windows ce a cikinta. Saurayi zai tambaya, na'ura ta amsa da 10.0, nan take ya yanke hukunci cewa an yi wa mai saye algus, an ba shi Windows 10 da sunan 11, alhali bai riƙe wata bayyina ba face zato, ga shi kuma ya zubar da mutuncin bawan Allah a tsakiyar kasuwa.

Haƙiƙanin al'amari shi ne, sa'ad da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, bai taɓa lambar asali ba, ya bar ta 10.0, har ma a rajistar na'ura, wurin da ake kira ProductName, sunan Windows 10 ne ke rubuce. Rarrabewar tana ga lamba ta uku, mai biye wa 10.0, wadda Win32_OperatingSystem ke bayarwa da sunan BuildNumber: a kwamfutar gida ko ta ofis, in ta kai 22000 ko ta haura, 11 ce babu shubuha, in kuwa 19045 ce, to, zubin ƙarshe ke nan na Windows 10, wadda wa'adin kulawarta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. Wannan ɗabi'a ma ba sabuwa ba ce, gama Windows 7 da 6.1 take amsawa.

Akwai kuma tarkon harshe, wanda ya fi shafarmu mu na bakin iyaka, domin nau'in Windows ɗin da na'urar Ingilishi ke kira Home, ta Faransanci Famille take ce masa, umarnin da ke neman kalma ɗaya kuwa lalle ya ƙaryata ɗayar. A karanta EditionID, wadda harshe ba ya sauya ta: Core shi ne na gida, Professional shi ne Pro. Takardar da aka manna a jikin na'ura ita ma ba shaida ba ce.

Kai kuma mai saye da ba ka iya umarni ba, danna tambarin Windows tare da harafin R, rubuta winver, ka karanta abin da ya fito a gaban mai kaya tun kafin kuɗinka su bar aljihu.