Ɗan injin da ke cikin lens: yaushe ya cancanci kuɗinka?

Idan ka ɗan danna maɓallin kyamara, hoton da ke dishi-dishi ya fito tar, wani ɗan inji ne ya matsar da gilasan cikin lens gaba ko baya. Haruffan nan da ke jikin lens, USM, STM, AF-S, AF-P, nau'in injin suke nunawa, kuma masu shago sun iya ƙara kuɗi da su.

Abin da nake fara gaya wa yaran da ke koyon aiki a wurina shi ne, kafin a yi zancen sauri, a tabbatar lens ɗin zai yi aiki tukuna. A da, Nikon a jikin kyamara take sa injin, shi ke juya lens ta wani ɗan sukuru. Daga D40 ta 2006, ƙananan kyamarorinta, har da jerin D3000 da D5000 da masu hoton biki ke yawan riƙewa, ba su da shi. Ka kwaso tsohon 50mm f/1.8D na hannu don araha, ka ɗaura wa D3200, to sai dai ka yi ta murza shi da yatsa. AF-S za ka nema. AF-P kuwa, wanda ya fito a 2016, D3100 ba ta san da zamansa ba. Masu Canon sun huta: tun 1987 injin yana cikin lens na EF.

Mai bidiyo shi ya kamata ya fi damuwa. Tsohon 50mm f/1.8 II na Canon gurnani yake yi, makirufo kuma ba ya rufa asiri. Liman na addu'ar ɗaurin aure, kana jin "ziit-ziit" a ƙarƙashi. STM, da Canon ta kawo a 2012, a hankali yake tafiya, kusan shiru.

Mai bin dawakin Hawan Daushe yana buƙatar zafin naman USM, kodayake ƙarfin kyamarar da hasken wurin su ma suna da nasu rabon.

Amma amarya ce zaune a kujera? Wallahi kowane inji ya isa. Kuɗin ya tafi ga kaifin gilashi da yawan hasken da yake sha.

Ranar saye, tafi da kyamararka. Ɗaura lens ɗin, gwada shi a lungun shagon mai duhu, ɗauki ɗan bidiyo ka saurara, sannan ka ciro kuɗi.