Rana da Fatar Manomi: Baƙin Fata Garkuwa Ne

A ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, manomi shekara duka a cikin rana yake. Da damina yana gonar gero da dawa da wake. Da rani yana lambun albasa a Galmi, ko a fadamar Majiya, ko a gonakin ban ruwa na Birnin Ƙonni, waɗanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zongo. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, aiki kuwa ba ya jira. Muna kula da fatanya, muna kula da jaki da shanun noma. Fatar jikinmu, wadda ke shan wannan rana, ita ma tana bukatar kulawa.

Me ya sa rana ke ƙara wa mutum baƙi?

A cikin hasken rana akwai wani irin haske wanda ido ba ya gani. Likitoci suna kiransa UV. Shi ne ke ƙona fata. Shi ne ke sa ta tsufa da wuri. Yana kuma daga cikin abubuwan da ke kawo yanar ido.

Jiki yana da hanyar kare kansa. A cikin fata akwai ƙananan ƙwayoyi masu yin wani launi da ake kira melanin. Wannan launi shi ne baƙin jikinmu. Yana shanye wani kashi na mugun hasken nan kafin ya shiga ciki. In rana ta yi yawa, sai fata ta ƙara yin launin. Shi ya sa fuskar manomi da hannuwansa suka fi cikinsa baƙi. Wannan ba dauɗa ba ce, ba kuma cuta ba ce. Garkuwa ce da Allah ya yi wa jiki.

A Turai da Amurka, wasu farar fata sukan kwanta cikin rana don jikinsu ya yi duhu. Wasu har kuɗi suke biya su shiga wata na'ura mai wannan haske. A shekarar 2009, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin waɗannan na'urori cikin jerin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Abin da wasu ke nema da kuɗi da hatsari, mu da shi aka haife mu.

Amma garkuwa tana da iyaka. Baƙar fata ma tana ƙonewa. Tana bushewa, tana tsagewa, kuma in aka yi sakaci tana iya kamuwa da ciwon daji.

Hanyoyi biyar waɗanda ba su cin kuɗi

Na ɗaya, lokaci. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Wanda ba shi da agogo ya dubi inuwarsa. In inuwarka ta fi ka gajarta, to rana ta kai ƙarfinta. A yi aiki mai nauyi da sassafe da kuma bayan la'asar. Kada girgije ko hazo ya ruɗe ka, domin mugun hasken yana ratsa su.

Na biyu, malfa. Hula ba ta rufe kunne da wuya. Malfar kaba mai faɗin baki tana yi wa fuska da kunnuwa da ƙeya inuwa, tana kuma kare idanu. A zaɓi mai saƙa a matse. In ka ɗaga ta sama ka ga haske yana shigowa da yawa, to rana ma za ta shigo. Mata masu dashe da cirar albasa su ma su sa malfa a kan ɗankwali.

Na uku, tufafi. Tuɓe riga a gona ba ya rage zafi, fata kawai yake bai wa rana. Rigar auduga mai dogon hannu, sakakkiya, ta fi. Tana barin iska ta shiga, tana kuma shanye zufa.

Na huɗu, inuwa. Wanda ke yin sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa su girma a gona, ya sami riba biyu. Ƙasarsa tana gyaruwa, shi kuma yana samun wurin hutawa da tsakar rana. Gawo yana da ganye da rani, daidai lokacin da aka fi bukatar inuwa. A lambu kuma a kafa rumfar zana ko ta kara.

Na biyar, ruwa. A sha ruwa mai tsabta a kai a kai, kada a jira sai ƙishirwa ta yi tsanani. In fitsari ya yi kaɗan, ya yi duhu, to jiki yana neman ruwa. Idan mutum ya faɗi a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ko ya rikice, a kai shi inuwa. A zuba masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a gaggauta kai shi gidan likita.

Man shafawa na gargajiya

Iyayenmu sun daɗe da sanin man kaɗanya, wanda ake kawowa kasuwanninmu daga kudu. Akwai kuma man gyaɗa, da man riɗi, da man aduwa. Amfaninsu ɗaya ne: suna tsare danshin fata kada ya fita. Saboda haka a shafa su bayan wanka, jiki da sauran laima. Da hunturu suna hana kaushi da faso da tsagewar leɓe. Mai faso ya wanke ƙafa da dare, ya shafa man kaɗanya, ya kuma riƙa sa takalmi in zai shiga lambu.

Sai dai a gane abu guda. Waɗannan mayuka suna tausasa fata, amma ba su tare rana yadda ya kamata. Kada wani ya shafa man kaɗanya ya ajiye malfa.

Kuma ba kowane abin gargajiya ne ke dacewa da rana ba. Wasu mata sukan shafa ruwan lemun tsami a fuska don ta yi haske. In rana ta taɓa wurin, yakan ƙone, ya yi ƙuna, ya bar baƙin tabo na watanni. Wanda ya matse lemun tsami ma ya wanke hannunsa kafin ya shiga rana.

Da bazara, ƙurajen zufa sukan fito wa yara da manya a wuya da baya. Maganinsu wanka da ruwa mai sanyi, da sakakkun tufafi, da zama a inuwa. Kada a lafta musu mai, domin yana toshe hanyar zufa.

Man bilicin yana karya garkuwa

A yau kasuwanni cike suke da mayukan sa fata haske. Da yawa a cikinsu suna ɗauke da sinadarai masu hana fata yin melanin. Wadda ta shafa, ta tuɓe garkuwarta da hannunta. Da farko takan yi haske. Daga baya rana ta ƙona kumatu da goshi, baƙin tabo ya fito wanda ke da wuyar gogewa. Fata takan yi laushi fiye da kima, ta riƙa tsagewa, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. Wasu mayukan suna jawo hawan jini da ciwon sukari. Wasu suna ɗauke da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda, mai kuma cutar da ɗan da ke cikin ciki. Saboda irin wannan ɓarna ce ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da su a shekarar 2015.

Wadda ta daɗe tana shafawa ta je ta ga ma'aikacin lafiya, ya nuna mata yadda za ta bari. Maza kuma su daina yabon fari a gaban matansu da ƴaƴansu.

Zabiya: wanda aka haifa ba garkuwa

Akwai waɗanda fatarsu ba ta yin melanin, ko kuwa kaɗan take yi. Su ne zabiya. Wannan gado ne da ke zuwa daga wajen uwa da uba gaba ɗaya, ko da dukansu baƙaƙe ne. Ba laifin uwa ba ne. Ba aikin iskoki ba ne, kuma ba a ɗaukarsa.

Ga zabiya, ranar ƙasarmu babbar abokiyar gaba ce. Yaron da aka tura kiwo ko ban ruwa da tsakar rana, fatarsa takan ƙone yau, ta ƙone gobe. A hankali sai ɓawo ya fito a fuska da kunne da leɓe, ya zama gyambo, ya koma ciwon daji. A Afirka, zabiya da yawa suna rasa rayukansu ta wannan hanya tun suna matasa. Alhali kuwa ana iya hana abin.

Iyaye su sa masa malfa da riga mai dogon hannu da dogon wando tun yana jariri. A ba shi aikin inuwa. A sa shi makaranta, malami ya zaunar da shi a gaba, domin ganinsa yana da rauni. A nema masa man tare rana na kantin magani, mai lamba 50, da tabarau mai duhu. A kai shi likita ya duba fatarsa ko da sau biyu a shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga watan Yuni don tunawa da zabiya, an kuma fara kiyaye ta a shekarar 2015.

Jarirai da masu zaman ɗaka

Fatar jariri ba ta yi ƙwari ba. Uwa mai zuwa gona ta kwantar da shi a inuwa, ko ta yi masa lulluɓi mai shan iska in yana goye. Wanda bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara ce. A dai yawaita ba shi.

Duk da haka, kada a guji rana gaba ɗaya. Da taimakonta ne fata ke yin bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi. Tsofaffi da matan da ba su cika fita ba su riƙa zama a tsakar gida da hantsi na ɗan lokaci.

Yaushe za a je likita?

A je da wuri in an ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu:

Gyambon da ya yi wata guda bai warke ba.

Tsohon tabon ƙuna ko na rauni da ya sake buɗewa, musamman a ƙafa.

Baƙin tabo a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wanda ke girma ko yake zubar da jini.

A wurin baƙar fata, ciwon daji yakan ɓuya a irin waɗannan wurare. In an gano shi yana ƙarami, likita yakan yanke shi, mutum ya warke. In an tsaya shafe-shafe har ya yi nisa, ana iya rasa ƙafa ko rai. A fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum asibitin Ƙonni, ko na Galmi, ko na Tawa.

Ƴan uwa manoma, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa mutanen gidansa da maƙwabtansa. In akwai zabiya a ƙauyenku, a fara da gidansu. Rigakafi ya fi magani.