SALLAR ƘANANAN YARA A SHEKARAR KORONA

Gidimuni gari ne da ke gabas da birnin Damagaram, bisa babbar hanyar da ta bi ta Mirya zuwa Gure. Allah ya ba shi tabki da fadama. Ana noman rake da rogo da kayan lambu, ga kuma dabino.

A nan, kamar sauran garuruwan ƙasar Damagaram, sallah ta yara ce. Tun da jajibiri ake yi ma ƴan mata kitso da lalle, a yi ma samari aski. Ran sallah sai su sa sabbin tufa, su bi gida gida suna barka da sallah. Wani ya ba su dala biyar, wani dabino, wani alawa.

Amma a shekarar 1441 ta Hijira, watau 2020, sallah ta zo da wani hali.

YADDA ABIN YA FARA

Cutar korona ta ɓullo a ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 19 ga watan Maris 2020 aka samu mutum na farko mai ita a Yamai. Tun ran 17 ga wata shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi ma ƴan ƙasa jawabi. Aka rufe iyakoki. Aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 20 ga wata aka rufe lakwal duka, har da jardan, watau makarantar ƙananan yara waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba.

Aka kuma hana jam'i a masallatai. Wannan doka ta yi ma jama'a nauyi ƙwarai, har aka yi tashin hankali a Mirya. Sai ran 13 ga watan Mayu aka buɗe masallatai, da sharaɗin wanke hannu da barin fili tsakanin mutum da mutum. Cikin wannan wata ne cutar ta yawaita a birnin Damagaram.

KWANA 73 BABU LAKWAL

Azumi ya kama, ya fita, ƙaramar sallah ta zo cikin watan Mayu, lakwal tana rufe. Ba a koma ba sai ran 1 ga watan Yuni. Kwana 73 ke nan yara suna gida.

Yaro ɗan shekara huɗu bai san doka ba. Abin da ya sani shi ne yau sallah, zai je wajen kakarsa ya nuna mata rigarsa. To, a nan wahalar take. Likitoci sun gano korona ba ta cika kwantar da ƙananan yara ba. Tsofaffi ta fi kayarwa, da masu ciwon sukari ko hawan jini. Amma yaro yana iya ɗaukar ta bai sani ba. In ya shiga gida ashirin ya gaisa da mutum hamsin, da yamma kuma ya hau cinyar kakarsa, ya kai mata abin da ya kwaso.

Ba kowa ya yarda da wannan magana ba. Wasu sun ce cutar masu shiga jirgi ce, ba ta zuwa karkara. Wasu kuwa sun ce rigakafi ya fi magani.

ABIN DA MA'AIKATAN LAFIYA SUKA KOYAR

Ba a ce a hana yaro sallah ba. Ga abin da aka nema:

1. A wanke hannu da ruwa da sabulu, a cuɗa sosai har tsakanin yatsu, kafin cin abinci da bayan an dawo daga waje.

2. A zubo ruwan daga buta. Kada yara goma su tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya.

3. A gaisa da baki, ba sai an ba da hannu ba.

4. Mai tari ko atishawa ya kare bakinsa da gwiwar hannu.

5. Yaro mai masassara ya zauna gida, a kai shi likita.

Game da ƙyallen rufe hanci da baki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a tilasta ma yaro ɗan shekara 5 ko ƙasa da haka. Manya ne za su sa.

Wannan koyarwa ba ta fi ƙarfin talaka ba. Jarka ɗaya da igiya da icce uku sun isa a yi wurin wanke hannu a ƙofar gida. A huda jarkar, a rataye ta, a ɗaura mata sanda a ƙasa. Yaro ya taka sandar, ruwa ya zubo. Yara suna ɗaukar abin kamar wasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babbar sallah ta zo a ƙarshen watan Yuli, tsakiyar damina. Manoma na gona, makiyaya sun yi nisa da bisashe. An yi layya, an jera raguna a bakin wuta kamar yadda aka saba. Kashegari ake rabon nama, kuma yara ne ƴan aike. Nan ma wanke hannu ya zama dole.

WATA HASARA DA TA BIYO BAYA

Saboda tsoron korona da jita-jita, uwaye da yawa sun daina kai jarirai awo da allura. Sai ga shi a 2021 ƙyanda ta yawaita a ƙasar Nijar. An guje ma cuta ɗaya, an faɗa ma wata. Alhali allurar ƙyanda tana nan, ana yi ma yaro ita in ya cika wata 9.

Ran 5 ga watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama babban haɗari ga duniya duka. Amma annoba ba ta ƙare ba. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 sanƙarau ya kama yara a jihar Damagaram. Cikin 2023 mashaƙo ya ɓullo a Matamai. Duka biyun ta numfashi da cunkoso suke yaɗuwa.

Saboda haka, manoma da makiyaya, in sallah ta gabato, bayan kuɗin tufa a ware na sabulu. A duba katin allurar kowane yaro, wanda bai iya karatu ba ya kai ma malamin yaƙi da jahilci ya duba masa. In hukuma ta ce ciwo ya shigo, a taƙaita yawon sallah cikin dangi na kusa, a aika ma tsofaffi gaisuwa. Sallah biki ɗaya rana ce, baɗi ma tana zuwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya maimaita mana. Amin.