Mece ce orkestra a kiɗan Yamai?

A Turai, orkestra taron makaɗa ne masu bin rubutaccen kiɗa ƙarƙashin jagora ɗaya. A Yamai kuwa, ƙungiya ce mai haɗa jita da gangunan zamani da kalangu, molo ko sarewa.

Ganga ke riƙe tafiyar kiɗan, mawaƙi ya bayar, 'yan amshi su karɓa. Can sai a sakar wa makaɗi guda fili ya ƙago nasa nan take, irin salon jaz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka.

Misali, Mamar Kassey, ƙungiyar mai sarewa Yacouba Moumouni da aka kafa a 1995, ta yi fice da faifan Denké-Denké, ƙungiyar Tal National kuma da faifan Kaani a 2013. Masu biki da gidajen rediyo na neman su, matasa kuma na koyon sana'ar a cibiyar kiɗa ta Elhadji Taya.