Darasin Gona: Mu San Jan Ƙwaron Tumfafiya

Darasinmu na yau ya shafi manoman Damargu, daga Tanut, Gangara da Olelewa har Belbeji da ƙasar Tarka. Ruwan sama kaɗan ne a ƙasarmu, shuka ɗaya muke yi a shekara. Abin da ƙwaro ya ci a zangarniya ba zai shiga rumbu ba. Shi ya sa ya kamata manomi ya san ƙwarin gonarsa kamar yadda makiyayi ya san bisashensa.

Ƙwaron da za mu duba, masana suna ce masa Spilostethus pandurus. Wani masani mai suna Scopoli ya fara bayyana kamanninsa a shekarar 1763. Mu a nan za mu kira shi jan ƙwaron tumfafiya, domin a jikinta aka fi ganinsa.

Yaya kamanninsa?

Idan ka kama ɗaya, ɗora shi a tafin hannunka, ka duba abubuwa biyar.

1. Tsawonsa milimita 13 zuwa 15 ne, wajen tsawon farcen babban yatsa.
2. Launinsa ja ne da baƙi. Ƙafafunsa 6 da gashin kansa 2 duk baƙaƙe ne.
3. A bayan kansa akwai zane biyu baƙaƙe, sun kwanta a tsawon jikinsa, suna da ɗan lanƙwasa.
4. A tsakiyar fukafukansa akwai baƙin zane a gicciye. Ƙarshen fukafukan duhu ne, da farin ɗigo a tsaka. Wasu ba su da ɗigon, amma sauran alamun suna nan.
5. Juya shi rigingine. Za ka ga ba shi da haƙoran tauna. Bakinsa siriri ne kamar allura, a kwance tsakanin ƙafafunsa.

Ɗiyansa jajaye ne, ba su da fukafuki. Sukan yi saɓa sau 5 kafin su girma.

Ina ake samunsa?

Ba a Damargu kaɗai yake ba. Akwai shi a yawancin ƙasashen Afirka, da ƙasar Larabawa, da Indiya, da kudancin Turai. Yana son wuri mai zafi da rana. A wajenmu, nemi shi a gindin tumfafiya, a bakin hanya, a saura da kufai, musamman lokacin da ƴaƴanta suka fashe, iri ya fito.

Kun san nonon tumfafiya yana da dafi. Ƙwaron yana shan dafin, bai kashe shi, sai ya ajiye shi a jikinsa. Tsuntsun da ya ɗanɗana shi sau ɗaya ba ya so ya koma. Jan launin nan gargaɗi ne ga tsuntsaye. Shi ya sa za ka gan shi da rana tsaka a fili, bai ɓuya.

Wace ɓarna yake yi?

Idan hatsi ya gama bununi, ƙwaya ta fara ɗaukar madara, ƙwaron yakan hau zangarniya. Sai ya soka bakinsa cikin ƙwayar, ya tsotse ruwanta. Daga nesa zangarniya tana nan lafiya. Sai ranar sussuka mata su ga tsaba ta ƙanƙance, ba nauyi, iska tana kwashe ta tare da ƙaiƙayi. Haka yake yi wa dawa da riɗi.

Kada ka haɗa shi da wasu

Akwai wani jan ƙwaro mai tsotsa, masana suna ce masa Dysdercus, wanda ya yi suna wajen ɓata hatsi a Nijar. Shi yana da farin zobe a wuya, da fararen zane a ciki, da baƙin ɗigo ɗaya a kowane fiffike. Yana son auduga, kuɓewa, rama da ƴaƴan kuka, kuma yakan sauka gona da yawa a lokaci guda.

Akwai kuma ƙwaron nan mai ƙona fatar mutum idan an murje shi. Shi tauna yake yi, yana cin furen hatsi. Kada ka kama shi da hannu.

Murzuna kuwa tsutsa ce, tana bin zangarniya tana kewaya ta. Kowanensu da nasa magani da nasa lokaci. Wanda ya sayi magani bai san ƙwaron ba, ya yi hasara biyu: kuɗi sun tafi, hatsi ya tafi.

Me za ka yi?

Daga Agusta zuwa Satumba, zaga gonarka da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙwari ba. Idan kaɗan ne, kakkaɓe su cikin kwano mai ruwan sabulu. Cire ƙananan tumfafiya da ke cikin gona, ka kiyaye idonka daga nononta. Kada ka sayi maganin kasuwa wanda ba shi da takarda a jiki.

Idan sun yi yawa, ga inda karatu zai yi maka rana. Zaɓi zangarniya 10 a wurare dabam-dabam, ka ƙidaya ƙwarin da ke kan kowace. Sa biyu ko uku cikin kwalin ashana. Rubuta sunan garinka, ranar wata, irin shukar, da yawan da ka ƙidaya. Kai wa malamin gona na Tanut ko Belbeji. Wanda ya je da takarda da ƙwaro a hannu ya fi wanda ya ce kawai "wani jan abu ya shiga gonata".

Aikin gida

1. Rubuta alamu uku na jan ƙwaron tumfafiya.
2. Me ya hana tsuntsaye cin sa?
3. Ƙwari 4 a kan kowace zangarniya, zangarniya 10: ƙwari nawa ke nan?

Ku kawo amsa wurin malaminku na yaƙi da jahilci. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai darasi na gaba.