Abin da ya kamata ku sani kafin ku mayar da sauti zuwa MP3

An turo maka karatun malam ta WhatsApp, ka saurara a wayarka tangaram. Ka kwafa a memori ka kai wa mahaifiyarka don ta sa a rediyonta, rediyo ya yi gum. Ko ka zuba a filashi ka soka a mota, ta nuna maka babu komai a ciki. A nan mutane da yawa kan ɗora wa memori laifi, wasu har su sayo sabo, alhali lafiyarsa ƙalau. Na'urar ce ba ta san tsarin da aka adana sautin a cikinsa ba.

Kowane fayil na sauti yana da 'yan haruffa a ƙarshen sunansa, bayan ɗigo, su ne ke nuna tsarinsa. Saƙon murya na WhatsApp a wayoyin Android yakan zo da .opus. Abin da aka naɗa da iPhone yakan fito da .m4a. Tsofaffin wayoyi masu madannai sun fi naɗa .amr, tsohuwar kwamfuta mai Windows kuma .wma, masu situdiyo su kuma .wav. Wayar zamani tana buɗe kusan dukkansu, shi ya sa ba ka lura da bambancin. Amma ƙaramin rediyo mai cin memori, da lasifikar masu talla, da rediyon tsohuwar mota, yawancinsu MP3 suka sani, wani lokaci da WMA ko WAV.

Ba wai MP3 ya fi sauran kyau ba ne. Opus, wanda aka amince da shi a 2012, ya fi shi iya fitar da murya garau da data kaɗan, shi ya sa WhatsApp ke amfani da shi. Abin da MP3 ya fi su shi ne daɗewa. Masana a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a ƙasar Jamus, ciki har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wajen samar da shi. An fitar da ƙa'idarsa a 1993, aka raɗa masa sunan .mp3 a 1995, sannan a 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisinsa. Kusan shekaru talatin ke nan masana'antu na ƙera na'urori da shi a zuciya. Duk wanda ke so sautinsa ya kai ga kowa, daga mai waya mai tsada zuwa mai ƙaramin rediyo mai araha, MP3 ne hanyarsa.

Sai dai akwai abin da ya kamata a gane tun kafin a taɓa komai. Sauti irin na faifan CD, idan aka adana shi a WAV, yana cin kusan megabait 10 a kowane minti. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 1 kacal. Wannan ragi ba a banza ake samunsa ba: manhajar tana zubar da sassan sautin da ta ƙiyasta kunnen ɗan Adam ba zai lura da rashinsu ba. Kamar surfe ne, dusar da aka fitar ba ta komawa jikin hatsi. Opus da M4A da AMR da WMA galibi haka suke aiki su ma. Don haka idan ka mayar da saƙon WhatsApp zuwa MP3, an surfa shi sau biyu ke nan. Sau ɗaya ko biyu ba a cika jin illar ba. Amma idan wannan ya sauya, ya tura wa wancan, shi ma ya sake sauyawa, a hankali murya za ta fara shaƙewa, haruffa irin su sin da shin su riƙa fita da wani huci kamar ana magana a cikin ruwa. A karatun Alƙur'ani, inda fitar kowane harafi ke da muhimmanci, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Daga nan ƙa'idar ta fito: a sauya sau ɗaya, daga fayil na asali, kuma a ajiye na asalin. Kada a goge shi don an samu MP3. Haka kuma zaɓen babbar lamba ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Muryar da aka naɗa a AMR, ko ka mayar da ita MP3 mai kilobit 320, yadda take haka za ta fito, sai dai ta cinye maka wuri. Ga wa'azi ko lacca, kilobit 64 a layin sauti guda ya wadatar, awa ɗaya ba za ta kai megabait 30 ba. Karatu mai tajwidi ya cancanci 128. Waƙa mai kiɗa, a ba ta 192 ko sama.

Wasu kan sake wa fayil suna kawai, su goge .opus su rubuta .mp3. Wannan bai sauya komai ba. Wayarka za ta iya buɗe shi don tana duba cikinsa ne, amma rediyon da ya ƙi shi jiya zai ƙi shi yau.

Aikin kansa ba shi da wuya, kuma kayansa kyauta ne. A kwamfuta, manhajar VLC da mutane ke kallon fim da ita tana yi: a shiga Media, a zaɓi Convert / Save, a ɗauko fayil, a zaɓi Audio - MP3, a nuna mata inda za ta ajiye. Wanda ke so ya yanke farkon lacca ko ya ɗaga murya mai rauni, Audacity ya fi dacewa da shi, kodayake sai an haɗa masa FFmpeg kafin ya buɗe M4A da AMR. Masu shagon tura waƙoƙi da karatu, da ke fama da ɗaruruwan fayiloli, ya kamata su koyi FFmpeg ɗin kansa, domin da umarni ɗaya gajere kamar ffmpeg -i karatu.opus karatu.mp3 an gama. A waya ma akwai manhajoji a Play Store. A zaɓi wadda ke aiki ba tare da intanet ba, a kuma yi nesa da duk wadda ta nemi izinin duba lambobin waya ko saƙonni, don aikinta bai shafe su ba.

Shafukan intanet masu sauyawa kyauta su ne suka fi jan mutane, su ne kuma na fi jin tsoro. Kafin su yi maka aiki sai ka loda musu fayil ɗinka gaba ɗaya, wato ka miƙa shi ga wanda ba ka sani ba. Waƙar da kowa ke da ita, da sauƙi. Amma maganar iyali, ko sirrin kasuwanci, ko muryar da aka ba ka amana, bai kamata ta je can ba. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI ta Amurka da ke Denver ya yi gargaɗin cewa 'yan damfara na amfani da irin waɗannan shafuka suna cusa wa na'urorin mutane muguwar manhaja. Idan ka tura sauti aka dawo maka da fayil mai .exe ko .apk, kada ka buɗe.

Idan an sauya kuma har yanzu mota ta ƙi, a duba filashin. Tsofaffin na'urori da yawa tsarin FAT32 suke karantawa, manyan memori da suka wuce gigabait 32 kuma da exFAT suke zuwa. A kwashe kayan ciki tukuna kafin a sake masa tsari, domin yin hakan yana share komai. Waƙoƙin da aka sauke a cikin Spotify ko Boomplay kuwa a kulle suke da gangan, don kare haƙƙin masu su, kuma mawaƙinmu na gida da ya kashe kuɗin situdiyo yana da haƙƙin cin guminsa.

Inda maganar ta fi damuna shi ne kasakasan da ke jibge a gidajenmu: tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da muryar kakanni da aka naɗa a wajen biki ko saukar karatu. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da danshi, na'urorin sa shi kuma suna ƙarewa a kasuwa. Mai irin wannan ajiya ya haɗa rikoda da kwamfuta, ya naɗa a WAV, ko kuma a FLAC wanda ke rage girman fayil ba tare da zubar da komai ba. Ya rubuta sunan mai magana da shekara da wuri a jikin fayil ɗin, ya ajiye shi a wuri biyu, sannan ya fitar da MP3 ya raba wa 'yan'uwa. Duk wanda ke da kaset a ƙasan akwati, ya fito da shi ya yi wannan aiki kafin damina ta sake bi ta kansa.