A Sa wa Kayan Tashe Inji: Darasin Kanikanci Mafi Araha ga Yaranmu

A Amurka, duk ranar 31 ga Oktoba ana bikin Halowin, yara su yi shigar ban tsoro suna bin gidaje ana ba su alewa. Wasu magidanta kan haɗa dodanni da katako da tsumma, su sa musu ƙaramin inji har su riƙa gyaɗa kai ko ɗaga hannu. Bikin ba namu ba ne, kuma babu dalilin aro shi. Amma yaran Gawuna da Gama da Gwagwarwa a Kano suna da tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kai goma, kuma tun da daɗewa da hannunsu suke haɗa gemun auduga da gangar gwangwani da motar kara ko ta langa-langa. Ra'ayina shi ne a taimaka musu su sa wa waɗannan kaya inji, domin babu makarantar kanikanci da ta kai wannan araha.

Yaro yakan ɗauka aikin ya ƙare da zarar ya jona waya da batir ya ga abu yana juyawa, alhali a nan aikin ya fara. Ƙaramin injin da ake cirowa daga tsohuwar rediyon kaset ko motar wasa yana aiki da bolt 3 zuwa 6, yana juyi dubbai a minti ɗaya, amma ba shi da ƙarfin ɗaga ko da kan kwali. Kan da zai gyaɗa yadda ido zai gamsu kuwa juyi 20 zuwa 30 a minti ya ishe shi. Dabarar ita ce a sayar da gudu a sayi ƙarfi. Idan aka sa ƙaramin faifai mai faɗin santimita 1 a bakin injin, aka haɗa shi da robar ɗauri zuwa faifai mai santimita 10, gudun ya ragu sau goma, ƙarfin juyin ya ƙaru kusan haka. A yi hakan sau biyu, juyi 3,000 ya koma 30. Yaron da ya gano wannan da murfin kwalba da faifan silifas ya fahimci lissafin kaso fiye da wanda ya haddace shi a allo.

Mataki na biyu shi ne mai da juyi ya zama kai-da-komo. Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin keken ɗinki ya ga yadda tafin tela ke hawa da sauka, sanda ta tura ƙugiya, babban gare ya juya. A nan akasin haka ake so: a soka ƙusa a gefen faifai, nesa kaɗan da tsakiya, a ɗaura mata wayar ƙarfe zuwa hannun da ake so ya motsa. Gwargwadon nisan ƙusar daga tsakiya, gwargwadon faɗin motsin. Idan baki ake so ya buɗe ya rufe, sai a yanka faifai mai tozo a gefe guda, wanda zai ɗaga sanda sau ɗaya a kowane zagaye. Abu mai nauyi kuwa, injin waifar mota ya fi dacewa da shi, kuma masu Halowin ma suna amfani da shi: yana aiki da bolt 12, haƙoran rage gudunsa suna cikinsa, kuma ana samun tsohonsa a Ƙofar Ruwa ko wajen 'yan gwangwan.

Wani zai ce wannan kwaikwayon Turawa ne. Tarihi bai goyi bayansa ba. Wajen shekara ta 850, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa suka rubuta littafin dabaru a Bagadaza mai ɗauke da na'urori kusan 100. A 1206, Al-Jazari ya kammala nasa a Diyarbakir, inda ya bayyana agogon giwa da bayi na ƙarfe masu zuba ruwan wanke hannu, da faifai mai tozo irin wanda aka ambata. A nan Kano ma, a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen motoci. Hannun da ke irin wannan aiki daga ƙaramin abu yake farawa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato hukuncin mutum-mutumi. Hanin sassaƙa surar mai rai sananne ne, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Sai dai malamai da yawa sun ware kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha da suka zo a ingantattun hadisai. Iyayen da zuciyarsu ba ta kwanta ba suna da mafita mai faɗi: jirgi mai farfela, injin markaɗe, guga mai hawa da sauka a rijiya, duk darasi ɗaya suke koyarwa ba tare da fuska ko ido ba.

Na uku shi ne haɗari, kuma gaskiya ne. Kada yaro ya kusanci wutar gida mai bolt 230, batir kaɗai zai yi aiki da shi. Injin waifa yana iya murƙushe yatsa ko naɗe hijabi, don haka a rufe sassansa masu motsi da kwali mai kauri, a sa fis da makunni a inda hannu zai kai da sauri. Tsofaffin batiran kwamfuta da na waya kan kama wuta idan suka kumbura ko wayoyinsu suka haɗu, bai dace a bar su a hannun yara ba. Duk wannan hujja ce ta a sa babba a kusa, ba ta a hana ba.

A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha dakatar da tashe saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Hani kaɗai yana kwashe yara daga titi, amma ba ya ba su abin yi. Makarantun firamare da Islamiyyu na Gawuna, da masu unguwanni, da masu gyaran rediyo da kanikawan da ke kowane lungu, za su iya shirya gasar tashe da rana a harabar makaranta, a ba da kyauta ga abin da ya fi motsi da kyau kuma ya fi aminci. Iyaye, idan kuka ga yaro ya kwance tsohuwar rediyo, kada ku fara da bulala. Ku saya masa batir, ku kai shi wajen mai gyara ya nuna masa yadda ake yi.